Ranar da Ƙudirin Tabita Ya Zama Doka

A dajin Maje, tun kaka da kakanni, bisa nauyi ake shan ruwa. Tafki ɗaya ne ke kai rani, kuma dokarsa a fili take: Giwa ta fara sha, sai Dorina, sai Ɓauna, haka har a gangaro kan masu gajerun ƙafafu, waɗanda ke tarar da abin da manya suka dama da kofato. Majalisar Manya, mai zama a gindin tsamiya, ta sha bayyana cewa wannan tsari adalci ne tsantsa, tunda ba a taɓa hana kowa laka ba. Rundunar rina ce ke tsare dokoki. Su kuwa rina ba sa duban fuska. Abin da aka kafa a jikin tsamiya shi suke bi, wanda ya ƙetare ya koma gida da kumburi.

Can gindin wata kuka akwai majami'ar dajin, inda wata zabuwa, Malama Rifkatu, ke koyar da makarantar Lahadi. Ita ce ta lura cewa 'ya'yan ikilisiya na yi wa shugabanni addu'a kowane mako, amma ko ɗaya bai san aikin da shugabannin ke yi ba. Sai ta zaƙulo wani tsohon kundin ƙa'idojin majalisa da kakarta ta kwafa, ta kakkaɓe shi, ta kafa Majalisar Yara. Bayan an tashi sujada sai a jera kututture, a buɗe da addu'a, a zaɓi kakaki, a yi muhawara.

"Mai mulki bawan jama'a ne," in ji Malama. "To, ta yaya za ku san bawa ya yi aiki in ba ku san aikin ba?"

Cikin yaran akwai Tabita, 'yar bushiya, wadda ko sunanta aka kira da ƙarfi sai ta dunƙule. Ba ta taɓa cewa uffan a zauren ba, sai da ƙanenta Iliya ya yi mako biyu kwance da ciwon ciki saboda ruwan laka. Ranar Lahadin da ta biyo baya ta miƙe ta gabatar da ƙudiri: ƙanana su sha daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan manya su shiga.

Kefas ɗan gwanki ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, domin babansa ne na shida a layi, kuma da ƙyar ya kai nan. Aka yi ta kai ruwa rana har mako uku. Daga ƙarshe Kefas ya kawo gyara cewa ban da wanka da wasan iyo, Tabita ta amince, aka karanta sau uku kamar yadda kundi ya ce, aka kaɗa ƙuri'a. Ƙudiri ya wuce, yara suka yi ta tafi. Ruwan tafki kuwa yana nan yadda yake.

Da zango ya ƙare, Malama ta nemo izinin kai su su ga majalisa ta gaske. Suka jeru tsaf a gefe, Tabita rungume da takardarta. Abin da ta gani ya ba ta mamaki. Kada na barci baki buɗe, Giwa na fifita da kunnuwa, wasu kuma hankalinsu na wajen da ake kawo abincin rana. Kakakin majalisa, Mai Girma Ɓauna, ya gyara murya.

"Ya ku 'yan majalisa masu daraja, yau rana ce ta alfahari. Ga manyan gobe sun zo ganin manyan yau. Mu da muka sadaukar da barcinmu domin talakawa, muna yi musu albishir cewa ƙofarmu a buɗe take, kunnenmu ma haka. An ce mini har doka suke yi ta wasa! Ke 'yata mai ƙaya, zo ki karanta mana mu sha dariya."

Tabita ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi Malama, Malama ta gyaɗa mata kai. Ta fito tsakiya ta karanta, a hankali, daga farko har ƙarshe.

Dorina, wadda kunnenta ya daɗe da yin nauyi, ta ce, "Me yarinyar nan ke cewa ne? A sake!"

Tabita ta sake, da ɗan ƙarfi. Ƙarar ta tayar da Kada, wanda ya ce shi ba a yi komai a gabansa ba, kuma ba zai yarda a tauye masa haƙƙi ba. Tabita ta tuna da ƙa'idar karatu uku ta cikin kundi. Sau biyu ke nan, in ji ta a ranta. Ta ja numfashi ta karanta na uku, tana fitar da kowace kalma.

Daidai nan ƙamshin ɗanyar harawa ya iso. Ɓauna ya haɗiyi yawu, bakinsa ya furta abin da ya saba furtawa duk lokacin da aka gama karatu kuma abinci ya iso: "Masu goyon baya?"

"Mun yarda!" in ji majalisa baki ɗaya, rabinsu sun riga sun miƙe.

Ɓauna ya buga kofato a ƙasa. Magatakarda Hankaka, wanda aikinsa shi ne kafa duk abin da aka buga wa kofato, ya karɓi takardar daga hannun Tabita ya manna a jikin tsamiya.

A hanyar gida Tabita ta matso kusa da Malama ta ce, "Malama, karatu uku, ƙuri'a, da bugun kakaki. Ai ya cika, ko?"

"Ni dai ban ga abin da ya rage ba," in ji Malama, tana kallon gabanta.

Washegari Giwa ta taho tafki tana rangaji, sai ta tarar da rina sun yi sahu a bakin ruwa, bayansu kuma zomaye da kurege da bushiya sun duƙufa suna sha. Ta ce ko sun san wace ce ita. Rina suka ce sun sani, ranki ya daɗe, sai dai hantsi bai yi ba. Tabita ta tsaya tana kallon Iliya yana shan ruwan da ake ganin yashin ƙasansa. Ya ɗago ya tambaye ta ko me aka zuba a ciki da ba shi da ɗanɗano.

Kafin azahar majalisa ta yi zaman gaggawa, karo na farko da kowa ya zo ido biyu. Aka yi jawabai masu zafi, aka amince a soke dokar nan take. Sai shugaban rina ya ce su ba za su cire takarda ba sai an soke ta bisa ƙa'ida. Aka tambayi yadda ake soke doka, kowa ya dubi na kusa da shi, domin ba a taɓa yi ba. Aka aika a ɗauko kundin majalisa, aka tarar gara ta cinye shi tun zamanin kakan Ɓauna. Kwafi ɗaya ya rage a duk dajin.

Ranar Lahadi, bayan sujada, sai ga Ɓauna da Dorina da Kada a gindin kuka. Malama Rifkatu ta tarbe su da fara'a, ta ce makarantar Lahadi ba ta korar kowa, kundi dai ba ya fita, amma ga kututture. Suka takure a kai, gwiwoyi har haɓa. Ta bayyana musu cewa darasi ɗaya ake yi a mako, ba a tsallake, kuma soke doka shi ne darasi na talatin.

Ɓauna ya yi lissafi, ya ga kafin nan damina ta sauka, kowane kwari ya cika. Ya zabura ya daka tsawa: "Wannan ai raini ne! Ni ne fa Kakakin..."

Tabita, wadda yara suka zaɓa ta shugabanci zaman wannan zango, ta dube shi daga kan kututturenta.

"Baba, a yi haƙuri. A nan sai an ɗaga hannu."

Ɓauna ya dubi Malama, ya dubi rina biyu da suka biyo su suna shawagi a reshen kuka. Sannu a hankali ya ɗaga kofato.