Yadda Na Tashi Fasto da Goge

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin bara ba. Ko na so in manta, 'yan kabu-kabun Illela ba za su bar ni ba.

Ni mai goge ne, gado na yi. Shekara ashirin ina wasan biki daga nan har Ƙonni, kuma tun kafin in iya riƙe bakan goge babana ya cusa mini magana ɗaya: makaɗin da taro ya yi wa shiru ya mutu, saura jana'iza.

Maƙwabcina Bulus, tela ne ɗan Zuru, shi ke shugabantar mawaƙan cocinsu. Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, mai gogen Turawa da suka gayyato daga Jos ya ce ba zai zo ba. Bulus ya shigo da wayarsa ya kunna mini wata tsohuwar waƙar Kirsimeti da wani Bature ya goga, sannu-sannu kamar mai tsoron tsinke tsirkiya. Ya ce waƙar lallashin jariri ce, ko zan iya?

"Wagga? Ko ina kwana," na ce. (Baki shi kan yanka wuya.)

Sai da ya kwana biyu yana roƙon dattawan cocin, don sun ce goge kayan 'yan bori ne. Ya dafa ƙirji ya ce in aka ga ba daidai ba, a sauke shi daga shugabanci.

Ranar ta zo, bayan la'asar, a rumfar harabar coci. Na fara, mawaƙa suka bi ni, kuma wallahi na goge ta tsaf. Sai na ɗaga kai. Ba guɗa, ba tafi, ba mai ko kaɗa ƙafa. Wata tsohuwa a gaba ta rufe ido. Fasto ya sunkuyar da kai, shi ma ido rufe. Layi na biyu haka, na uku haka. Na sa mutane barci tun rana ba ta faɗi ba, kuma Bulus ne zai kwana a ciki!

Na ce sai na cece shi. Na juya kiɗan zuwa na rawa, na miƙe, na je gaban fasto na durƙusa ina goge masa a kunne, na saki murya: "Fasto na Bulus, bango madafar bayi! Tashi, ba a san ka da gyangyaɗi ba!"

Mawaƙa suka tsaya baki buɗe. Bulus ya jawo rigata. "Maƙwabci, mi kake yi? Addu'a fa ake!"

Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da gogen.

Fasto ya buɗe ido a hankali ya dube ni. "Malam, mun gode," ya ce. "Amma jaririn nan da ƙyar muka samu ya yi barci."

Rumfa ta kece da dariya, tsohuwar nan har da hawaye. Wani ɗan albarka ya ɗauka a waya, yanzu ko ƙauyen Garu na je wasa sai a ce ga Tashi-Fasto ya iso.

Ba a sauke Bulus ba. Ni kuwa na gane akwai shirun da ya fi guɗa, Allah Ya jiƙan Baba. Bana ma sun sake gayyatata, da sharaɗi ɗaya: in zauna in ba taro baya.