Sanarwar da Ke Bayan Kwalayena

Ko me zan manta a zamana na Jidda, ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na jawo maza tara a bayana, muka sauko bene don in ƙaryata wata tsohuwa.

Ni fa aikina ke nan, rigakafin gobara. A wata ma'ajiyar kaya nake a unguwar masana'antu ta Jidda, ni ke duba tukwanen kashe wuta da ƙofofin gudu, kuma ko manaja ne ya tare hanya sai na sa ya kwashe. To da hayaƙi ya taɓa tashi a benen da muke haya a Aziziyya (wata ce ta bar kaskon turare kusa da labule, Allah ya taƙaita), sai mazauna suka ce a kafa kwamitin gobara. Galibinmu Hausawa ne: mu 'yan kwantiragi daga Najeriya, da mutanen Karantina da suka dawo nan bayan an rushe unguwarsu. Baba Alhaji, dattijon bene, shi ne shugaba. Sakatare kuwa ba sai an yi zaɓe ba. Kowa ya juyo ya kalle ni, ni kuma ina cewa "a'a, a'a" ina zaro biro.

Ni na rubuta dokokin, kuma wadda na fi ji da ita ita ce ta uku: duk zaman kwamiti sai an liƙa sanarwa a allon ƙofar shiga, da Hausa da Larabci, inda kowa zai gani, kwana bakwai cif. Zaman da bai cika wannan ba, hukuncinsa ya tashi a banza. Baba Alhaji ya ce, "Injiniya, ba sai a faɗa a masallaci bayan salla ba?" Na yi masa bayani na kusan rabin awa a kan haƙƙin matan da ba sa jin sanarwar masallaci. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Babban aikin da ke gabanmu shi ne Hajiya Barira. Haifaffiyar Karantina ce, rusau ya kawo ta benenmu da jikoki uku. Ɗakinta ya yi kaɗan, don haka a kwanar matakala ta hawa na biyu take tuyar masa, da tukwanen gas biyu a gefe. Da masar nan take ciyar da jikokin, ba ta da wata hanya. Ni kuwa ganin wuta a kan matakala yana tayar min da hankali, shi ya sa na kira zama a kan a hana ta. Ba zan ɓoye muku ba, masarta da yaji nake karya kumallo kusan kullum, amma na ce doka doka ce.

Ranar Juma'a na liƙa sanarwa, har da ɗaukar ta hoto. Washegari mai kargo, wanda ke kai mana kaya gida Najeriya, ya bugo waya ya ce in sauko da kayana, yana nan tafe "bukra, insha Allah", wato gobe. Kwalaye tara ne manya: dardumai, dabino, barguna, da injin wanki na mahaifiyata a Kano. Na sa aka jera su jikin bango a ƙofar shiga. Bukrar nan ta mai kargo kuwa har mako ya zagayo ba ta zo ba. Kullum in zan fita sai in ɗan bubbuga su, ina hango murnar tsohuwata.

Da Juma'a ta zagayo, bayan La'asar muka zauna a falon Baba Alhaji, maza zalla, ana zuba shayi. Na karanta ajanda, na yi jawabi a kan haɗarin gas, kowa na gyaɗa kai. Ana shirin ɗaga hannu sai muka ji sallama. Hajiya Barira ce, da abayarta, tana haki.

"Baba Alhaji, yanzu matar Injiniya ta zo sayen masa take ce min ana zama a kaina. Wallahi ban sani ba. Ashe za a kashe wa mutum kasko ba a kira shi ba?"

(E, matata. Mun yi wannan maganar daga baya.)

Na gyara zama, na yi murmushin masu gaskiya. Na ce, "Hajiya, sanarwa tana allo kwana bakwai. In mutum bai karanta ba, ba laifin kwamiti ba ne."

"Wane allo, ya waladi? Kullum sau huɗu nake bi ta ƙofar nan, ban ga takarda ba."

Da na yi shiru a nan, da na tsira da mutuncina. Amma ina! Na zaro waya na nuna hoto, ta ce ita ba ta san hoto ba, ido ta sani. Sai na miƙe na ce, "Yalla, kowa ya taso. Gani ya kori ji." Ni ne a gaba, ina sauka ina kaɗa makulli, Baba Alhaji da sandarsa, Hajiya a can baya tana dafa bango.

Muka iso ƙofar shiga. Na miƙa hannu zan nuna allo, sai yatsana ya tsaya a kan kwali. Babu allo. Kwalaye tara ne reras har kusan rufi, kowanne da sunana da lambar wayata da KANO da manyan baƙaƙe, rubutun hannuna.

Wani cikin 'yan kwamiti ya leƙa ta tsakanin kwalaye ya ce, "Ai kuwa ga takardar can." Ya ƙara leƙawa. "Ga ma jar tukunyar kashe wuta a bayansu." Tukunyar da ni na matsa aka saya, ni na zaɓa mata wurin. Kwana shida, da wuta ta tashi, sai an ɗaga injin wankin mahaifiyata kafin a kai gare ta.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi ihu ya fi min sauƙi. Ta dubi kwalayen sama da ƙasa ta ce, "Masha Allah, Injiniya, wannan duk tsaraba ce? Allah ya kai lafiya. Ni dai gas ɗina ana iya raɓawa a wuce."

Baba Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce in karanto wa jama'a doka ta uku. Na ce ai kowa ya san ta. Ya ce a'a, daga bakin mai ita ta fi daɗi. Haka na tsaya a gaban kayana, na karanta da bakina cewa zaman da na kira ya tashi a banza. "Khalas, shi ke nan," in ji shi, "sai wata Juma'ar." Sannan ya ce a ƙara batu ɗaya a ajanda, kuma shi za a fara: kayan sakatare.

Ni kaɗai na mayar da kwalayen nan ɗakina a hawa na huɗu, ba wanda ya kama min, kuma ban ga laifinsu ba. Da aka sake zama, mata shida suka zo, don wannan karon sun ga takarda. Wata a cikinsu ta tuna mana da filin bayan gida, inda iska ke shiga kuma ba hanyar kowa ba ce. Mu maza goma ba wanda ya taɓa tunaninsa. Can Hajiya ta koma da kaskonta, kuma ni na ɗaukar mata tukwanen gas ɗin.

Har yau ina nan a kan bakana, wuta ba ta da wuri a matakala. Amma na koyi cewa kafin ka ce wa mutane su biyo ka su gani, ka fara sauka kai kaɗai ka duba. Masa kuwa ina saya har gobe. Duk safiya in ta miƙo min, sai ta ɗora guda ɗaya a kai ta ce, "Wannan ta mai kargo ce, in ya zo."