Ranar da Na Koya wa Bature Tuƙin Jirgin Yaƙi

Littafi ɗaya tak na karanta kan Yaƙin Duniya na Biyu, amma a makarantarmu ni ne malamin tarihi, ba mai ja da ni.

Ranar rabon kyaututtuka aka zaunar da ni kusa da wani tsohon Bature mai tuƙa jirgin feshin maganin tsuntsaye a gonakin bakin Tafkin Chadi. Ya ce shi ɗan Poland ne. Na gyara babbar riga.

"Ayya, ku da Jamus ta cinye kamar tuwo! Turawan Ingila ne maza." Na shiga kwatanta masa yadda jirginsu Spitfire ke juyi a sama, da hannu biyu, har na kifar da lemon hedimasta a gaban ɗalibai.

Bai katse ni ba. Da na gama, ya zaro tsohon hoto: ga shi saurayi a kan fiffiken Spitfire. Ashe da ƙasarsu ta faɗi, Ingila ya tsere ya ci gaba da yaƙi.

"Malam," ya ce da gurguwar Hausarsa, "in ka juya haka, ka mutu."

Har yau in na shiga Kasuwar Kwastam, tsofaffin ɗalibaina sai su baza hannuwa kamar fiffike: "Kyaftin, an sauka lafiya?"