Ranar da Na Kankare Gonar Duktura

Kwalba ta goma sha ɗaya ce a hannuna, ina dirza ta da soso, har da 'yar waƙata ƙasa-ƙasa, sai Duktura Samira ta turo ƙofa. Ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta dubi kwalaben da na kife a jere suna ƙyalli, ta dubi bokitin, sai ta zauna daɓas a kan tayil, da abayarta da komai. Wannan zaman nata ba zai fita raina ba har a sa ni a rami.

A lokacin shara nake yi a wani ɗan kamfani a bakin teku, arewa da Jidda, kuma Duktura ce ta kai ni. Haifaffiyar unguwar Ruwais ce a Jidda, kakarta Bakatsina, Hausarta kuwa ji ya fi faɗa. Ta san ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Ita ta tsaya mini a gaban mudir, shugaban kamfanin, ta ce duk abin da na ɓata a wuyanta. Satina uku ke nan.

Akwai wani ɗaki mai sanyin tsiya, fitilarsa ja. Ranar na shiga goge ƙasa, na tarar da kwalabe cike da ruwa, kowace da wata ƙazanta ruwan ƙasa-ƙasa kwance a gindi. Gansakuka. Ni kuwa uwata ta taɓa marina a gaban baƙi saboda gansakukar randa, tun daga nan ba na iya gani in wuce. Na ce a raina, kai, 'yan boko! Ga digiri, ga ƙazanta. (Akwai takarda manne a ƙofar, ba zan ɓoye ba. A lokacin da rubutu da sawun kaza duk ɗaya ne a wurina. Sai da na haura sittin na koyi wannan da kuke karantawa.) Na shiga tuttule su a bokiti ɗaya bayan ɗaya, na tsiyaya kiloros, ruwan bilicin nan, na ja hannun riga. Har ina ƙiyasta irin godiyar da za a yi mini.

"Khala," in ji ta daga ƙasa (haka take kirana, wato inna), "me kika yi? Esh sawweti?"

Na ce, "Wanki, 'yata. Wa ya bar miki kaya haka?"

(Kun ji ni? Har da faɗa.)

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta yi ta haɗo Hausa da Larabci tana faɗa mini. Wai iri ne, irin wata ciyawar teku mai faɗin ganye da mutanen gabas ke nomawa a jikin igiya suna ci. Babban ganyen ne ke zubar da ƙwayoyi a ruwa, su tsiro ƙanana, wasu maza wasu mata, ido ba ya raba su. Jar fitilar ita ke tsare su kada su balaga. Ran da aka sake musu haske, macen ta yi ƙwai, ta saki wani ƙamshi, ruwan namijin ya iyo ya same ta. Abin da suka haifa ya manne a zare, a naɗe zaren a igiya, a kai teku. Ciyawar ƙasar sanyi ce, tekunmu kuwa kamar ruwan wanka, shi ya sa ta yi wata tara tana tsince masu jure zafi ɗaya-ɗaya.

Kwalba sha biyu ce gonar tata kaf. Ɗaya ta rage.

Mudir ya shigo, ya ga bokiti, ya ga soso a hannuna. Na buɗe baki, ta riga ni. Ta ce ita ce ba ta yi mini bayani ba, ita ta bar ƙofa a buɗe. Ya yi mata tas a gabana, da Larabcin da na ji kowace kalmarsa, ya ce a cire sunanta daga gwajin igiyar bana. Ni ko kallo ban ishe shi ba. Ina tsaye, tsohuwa da furfura, yarinya sa'ar autata tana shan zagi a madadina. Ashe tsabta ma in ba tambaya, ɓarna ce.

Da ya fita ta share ido, ta ɗiga ɗigo guda daga kwalbar da ta tsira, ta sa a na'urar ƙara girma.

"Ta'ali, Khala. Zo ki duba."

Na kanne ido na leƙa. Ga su nan, sirara kamar gashin jariri, wasu masu kauri kamar an jera tsakiya. Ta ce masu kaurin su ne matan.

Na ce, "Su nawa na kashe?"

"Kar ki tambaya."

Ta ɗauko sandar goge-goge daga jikin bango, ta danƙa mini a hannu.

"Yalla. Ƙasa kawai, Khala. Ƙasa."