Garikai da Saniyar Surukarsa

"Ni fa, kallo ɗaya nake yi wa ƙasa in faɗa maka abin da zaki ya ci jiya."

Haka Garikai ya cika wa Baturen da ya zo farauta sansaninmu a kwarin Zambezi. Ni da na shekara goma sha biyu ina fiɗa a wurin, na san uban 'yan cika-bakin nan ko sawun jaki da na zaki bai iya rabewa. Zakunan ma ina suke? Manyan masu geza duk an harbe, an yi Turai da fatunsu ana shimfiɗa ƙafa.

Kwana shida naman jakin dawa yana rataye a bishiya, ban da ƙuda da ungulu ba wanda ya amsa gayyata. Bature ya fara haɗa kaya. Sai gogan ya ce ai zakin nan ɗan gayu ne, mai rai yake so. Ya je ya kwanto saniya. Ba kowace ba, saniyar uwa, wadda ya ba surukarsa da zai auri Shuvai. Mu nan ko mijin tsohuwar bai isa ya taɓa ta ba, in kuwa ta mutu a hannunka, aurenka ya bi ta. Na ja masa kunne.

"Aro ne, matsoraci," in ji shi. "Kafin rana ta take na mayar."

Muka ɗaure ta, muka laɓe a bukkar ciyawa. Can sai daji ya motsa. Garikai ya leƙa, ya zube a gwiwa, kai a ƙasa, yana tafa hannu yadda ake gaida suruka. Ashe surukar tasa ce, Ambuya, da kanta ta biyo sawun saniyarta, ita kam ta iya. Bature da ya ga gwaninsa a ƙasa ya ɗauka zaki ne a kanmu, ya saki wuta. Saniya ko shurawa ba ta yi ba. Wallahi ta ba ni tausayi.

Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau Shuvai a gidan uwarta za ta tuƙa sadza, tuwonmu na masara. Sannan ta tambaye ni abin da Baturen yake nema. Na ce kan dabba, wai zai rataye a falonsa.

Ta nuna Garikai da sandarta.

"Faɗa masa ga wannan a durƙushe, kyauta. Ba zai yi masa nauyi a jirgi ba, ba komai a ciki."