Rumfar Albasata da Aka Shafa wa Ruwan Hoda

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta bara ba, kuma ko na so in manta 'yan ajinmu ba za su bar ni ba. Ni da a lakwal, wato makarantarmu, ko sunana aka kira sai na waiga in ga ko da wata ake, ni ce na miƙe tsaye gaban iyaye da malamai na yi ihun sata. Har yau kuma ina ganin an zalunce ni, ko da ba duka ba.

Abin ya faro ne daga ɗakin kwamfuta. Mushe Idi, malaminmu na lissafi, shi ke riƙe da makullin, yana buɗe wa masu sha'awa duk Laraba da yamma. Ya sa mana wani wasa da ake gina filin shaƙatawa a cikinsa. Za ka shimfiɗa hanyoyi, ka kafa lilo da jirgin ƙasa mai hawa da gangarowa, sai ƙananan mutane su shigo suna yawo, suna hawa, wasu su sauko suna amai. Ya ce wasan ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke gina shi kyauta, wannan ya gyara inda ya lalace, wancan ya zana sabon lilo, wani ya juya rubutun zuwa yarensu, kowa ya ajiye nasa a shafinsu na intanet.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shagunan cikin wasan ne. Ba inuwa, ba tabarma, ba inda mai saye zai tsuguna ya taya. Sai na zauna na zana rumfar albasa irin ta Gwaggo Balki, ƙanwar babana, wadda ke babbar kasuwa. Ɗigo-ɗigo na yi ta, Laraba bayan Laraba. Na sa rufin zana mai lotsawa ta gefen hagu, na jera buhunan jar albasa, na ajiye kujerar tsugunno. Har shuɗiyar butar Gwaggo na sa, wadda aka ɗaure murfinta da zare don kada ya ɓace.

Da Mushe ya gani ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ki yarda mu sa ta a shafin masu wasan?" Daga nan ya shiga dogon bayani a kan izini da sharaɗi. Ni kuwa ina kallon maɓallin rigarsa na biyu, wanda aka ɗinka da zaren da bai dace ba, ina ta ɗaga kai. (Haka nake. In babba na yi mini magana kunnuwana toshewa suke, kaina kuma ya yi ta cewa to.)

Ranar iyaye aka rataya farin zanin gado a bangon babban aji, aka haska kwamfutar a kai. Iyayen yawanci 'yan kasuwa ne, sun baro rumfunansu, kowa na duba agogo. Gwaggo Balki ce ta zo mini, ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Aka ce Hadiza ce za ta fara nuna filinta, ni in biyo baya. Hadiza 'yar ƙauyen Garou ce, benci ɗaya muke zama, gyaɗarta ma tare muke ci.

Filinta ya fito, aka tafa. Sai ta matso da hoton kusa da bakin hanya, na ga rumfuna a jere, mutane sun yi musu cincirindo. Ruwan hoda ne da su, an manna musu furanni. Na ƙura ido. Rufin ya lotsa ta hagu. A gindin kowace rumfa ga buta, ga zaren murfinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da ta fito ma ban san ina da ita ba.

"Sata ce! Wallahi an yi mini sata!"

To, wanda bai san garinmu Malanville ba ba zai gane abin da na yi ba. A garin nan ba a yi wa 'yan kasuwa ihun sata don wasa. Alhazan da ke layin baya suka miƙe, kowa ya dafe aljihu. Wata mata ta cusa wayarta cikin zani. Mai gadi, bawan Allah, bai tambayi kowa ba ya ruga ya rufe ƙofar lakwal.

Gwaggo ta riga kowa isowa wurina. "Mi aka ɗaukar miki, ɗiyata? Nuna mini shi."

Na nuna Hadiza da yatsa. "Rumfarki ce, Gwaggo. Ni na zana ta, ta ɗauka ta canza mata fenti."

Gwaggo ta juya ta dubi zanin gadon, ta gane butarta. Ta gyara ɗaurin kallabi. "Ke yarinya, ɗiyar wa ce ke? Haka aka koya miki a gida?"

Hadiza ta faɗi wani abu da yarensu na Dendi ƙasa-ƙasa, idonta ya ciko.

Mushe Idi bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce kowa ya zauna, a buɗe ƙofa, ba a ɗauki kayan kowa ba. Ya danna kan rumfar, bayaninta ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Sunana ne a sama, a matsayin wadda ta zana. Sunan Hadiza na ƙasa, a matsayin wadda ta gyara.

"Hajiya," ya ce wa Gwaggo, "ƙa'idar masu wasan nan ke nan. Wanda ya ajiye aikinsa ya yarda kowa ya ɗauka, ya canza, in dai ya bar sunan mai shi. Na yi mata bayani, ta ce to."

"Kin ce to?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Na ɗaga kai ne kawai."

Aka yi dariya. Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma Mushe ya ce tunda ina tsaye, in zo in nuna nawa filin. Na taka zuwa gaba kamar mai tafiya cikin laka. Filina ya fito, ga jirgin ƙasata da nake taƙama da shi yana hawa yana juyawa.

"Wa ya zana jirgin nan?" ya tambaye ni.

Bai jira amsata ba. Ya danna. Wani suna ya fito wanda ko karanta shi ba na iyawa, na wani mutum can wata ƙasa. Lilon ma haka, bishiyoyin ma haka. Duk daga shafin na kwaso su, ko sannu ban yi wa masu su ba.

Sannan aka zo kan rumfata ta asali, mai launin zana, kyakkyawa, ba kowa a gabanta. Ƙananan mutanen nan suna zuwa su wuce kamar ba su gan ta ba. Ashe na juya bakinta ya ba hanya baya, ba ta inda mai saye zai tsaya. Ni ina can wajen zaren buta ban lura ba. Abin da Hadiza ta gyara ke nan, ta kuma mayar da gyaran shafin don kowa ya samu, har da ni.

Gwaggo ta daɗe tana kallon rumfar da ba mai saye. Ta ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ni dai ban taɓa yin kwantai irin wanga ba. Malam, a sa sunana a ta yarinyar can."

Ta je ta dafa kan Hadiza tana ba ta haƙuri. Ni kuma Mushe ya tambaye ni gaban kowa ko na karɓi gyaran. Na ce na karɓi na juya bakin rumfar. Hadiza ta share ido ta ce, "Fentin fa, Hajiya mai rumfa?" Sunan da ya bi ni ke nan har yau, har 'yan ƙananan aji da ba su san dalili ba.

Na ba ta haƙuri washegari, ta ja mini rai kwana biyu, sannan ta miƙo mini gyaɗa. Abin da na koya shi ne, kafin ka sa a rufe ƙofa a caje mutane, fara shafa naka aljihun ka ji kayan wa ke ciki. Amma a shafa wa rumfar albasa ruwan hoda, har da furanni, wannan kam ban yafe ba, kuma ba ƙa'idar da za ta sa in yafe.