Ranar da Basha ya kai gaisuwar Kirsimeti

In ana maganar sanin ƙasar Masar, to a kauce a ba Alhaji Ishaƙ Basha hanya. Su Misirawa haifarsu kawai aka yi a cikinta, shi kuwa saninta ya yi. Shekararsa tara a Alƙahira, amma in yana bayani sai ka rantse da shi aka ja igiyar awon dalar Fir'auna. Ba a taɓa yi masa tambayar da ya rasa amsarta ba, ba a kuma taɓa jin ranar da shi ya tambayi wani ba.

A Kaduna sunansa Isiyaku. Sarautar Basha a filin jirgi aka naɗa masa ita ranar da ya sauka, lokacin da wani direban tasi ya buɗe masa ƙofa ya ce, "Bismillah, ya basha." Kowa ya san direban Alƙahira ko mai tallar albasa ya shiga motarsa basha zai kira shi. Alhaji ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, washegari ya sa aka buga ta a katinsa.

Sana'arsa rakiyar marasa lafiya ce. In mutum ya zo daga gida neman magani, shi ne zai tarbo shi, ya kai shi wurin likita, ya riƙe masa jaka a bakin ƙofa. Aiki ne na lada, ba wanda ya raina shi sai mai yinsa. A katin nan an rubuta: mai ba da shawara kan harkokin lafiya tsakanin ƙasa da ƙasa. A Ainu Shams yake zaune, hawa na huɗu, saman mai gyaran keke. Amma in baƙo ya tambayi unguwarsu sai ya ce "ɓangaren Ma'adi," wato unguwar masu hannu da shuni, tunda jirgin ƙasa ɗaya ne ke ratsa unguwannin biyu, tasha ashirin da wani abu ce kawai a tsakani.

Mu mutanen Ainu Shams ba ma duban kalanda don sanin shigowar sanyi, Basha muke duba. Tun a watan Oktoba, mutane na fifita da kwali a cikin jirgi, zai fito da wata baƙar kwat mai kaiwa ƙwauri, ya naɗe wuya da mayafin ulu, ya sa safar hannu. Gumi na bin bayan kunnensa yana cewa, "Ku ba ku san ƙasar nan ba. Sanyin Masar ba ya sallama." Ranar da sanyin gaske ya iso kuwa, masu gasa dankali suka cika bakin tasha da hayaƙi, lemo ya cika kasuwa, tayil ɗin ɗaki ya koma kamar ƙanƙara, sai ya bi kowa da kallon na-gaya-muku, kamar shi ya aika aka kawo shi.

Babban abin alfaharinsa wata tire ce. Duk shekara, in an shiga Janairu da 'yan kwanaki, wata tsohuwa da ke hawa na biyar takan sauko da tire shaƙe da fatta, wato shinkafa da gurasa da nama an kwarara musu romon tafarnuwa, ga kuma cincin ɗin Masar mai garin sukari a gefe. Basha bai san sunan tsohuwar ba, manya ba sa riƙe sunan maƙwabta. Amma ya san dalilin tiren sarai.

"Misirawa suna da ido," in ji shi. "Sun san babban mutum in ya zauna a cikinsu. Gaisuwar shekara ce suke kawo mini, kamar yadda ake kai wa hakimi."

Matarsa Balki takan buɗe baki a nan, shi kuma ya ɗaga mata hannu ya ce, "Khalas, Balki," wato ya isa haka. Ita ma sai ta yi khalas ɗin, ta je ta ɗauko cokula.

To, bana sai abin nema ya samu. Shugaban 'yar ƙungiyarmu ta Hausawan unguwa ya tattara ya koma gida, kujera ta zama babu kowa. Kujerar ba wata tsiya take da ita ba: hatimi ɗaya ne, da zama a gaba ranar suna, da a kira ka in ɗan gida ya rasu ko takardun wani sun rikice. Amma Basha ya ƙwallafa rai a kanta har yana ramewa a cikin kwat. Abokin takararsa Hassumi ne, mutumin Maraɗi mai shagon kayan yaji, wanda in ka kai masa damuwarka yakan bari ka gama magana kafin ya ce uffan. A wurin Basha wannan kaɗai ya isa shaida cewa mutumin bai san komai ba. Aka sa ranar zaɓe bakwai ga Janairu, domin ranar ba a aiki a duk ƙasar. Da wani sabon zuwa ya tambayi hutun mene ne, Basha ya riga kowa amsawa: "Hutun sanyi ne. Gwamnati na tausayin talaka."

Da Disamba ta raba tsakiya, shagunan unguwar Zamalek suka cika da bishiyoyin roba masu ƙyalƙyali, ana tallar jajayen huluna a bakin danja, sai dabara ta faɗo wa Basha. Ya tara mu a gidan shayi bayan la'asar, ya gyara mayafi.

"Jama'a, shugabanci hanya ce. Wa ka sani, wa ya san ka? Ni a Ma'adi akwai aminina, Dakta Ya'ƙub, babban likitan ƙashi, Kirista ne. Ranar ashirin da biyar ga wata zan ɗauki tawaga mu kai masa gaisuwar Kirsimeti har gida, ku ga yadda ake tarbar mutum. Ni a Kaduna na tashi, na san Kirsimeti ciki da waje. Shinkafa ce da kaji, a nan kuma har da talotalo. Shawarata ɗaya: kada wanda ya karya ranar. Ku zo da ciki fayau, kada ku ba ni kunya a gaban abinci."

Tarig, telan nan Bahaushen Sudan da ya girmi Basha zama a garin da shekara ashirin, ya ajiye kofinsa. "Ya Basha, amma ai Kiristocin nan ƙasar..."

"Khalas, Tarig. Kai ɗinki ka sani, ni ƙasa na sani."

Tarig ya ce, "Tamam, shi ke nan," ya ɗauki kofinsa. Tsofaffin zama suka dubi juna. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Kwana biyu Balki na daka nama tana soya dambu, domin Basha ya ce ba a zuwa gidan manya hannu rabbana. Tana cika kwano ta sake gwadawa. "Alhaji, naman nan fa, su yanzu..." Hannu ya tashi, ta rufe kwanon ta ɗaure shi da ɗankwali.

Ranar ta zo. Mutum goma sha ɗaya muka shiga jirgi a Ainu Shams da hantsi. Shida sababbin zuwa ne, sun bi umarni, cikinsu na kiran ciroma tun kafin a kai tsakiyar gari. Mu sauran mun cika ciki da wake da gurasa tun da safe, kallo ya kawo mu. Basha na tsaye a tsakiyar tarago, babbar riga a ƙarƙashin kwat, kwano a hammata. Jirgi cike da ma'aikata da 'yan makaranta masu jakunkuna, kowa na harkar gabansa kamar kowace rana. Wani daga cikin masu yunwar ya ce shi fa bai ga alamar biki ba. Basha ya yi murmushin manya. "Bikin manya a cikin gida ake yinsa."

A Ma'adi aka gano cewa aminin Dakta bai san gidan Dakta ba. Asibitinsa ya sani, don haka can muka nufa, wai daga nan za a kwashe mu a motoci. Muka tarar da ɗakin jira maƙil da masu sanduna da masu ɗaurin karaya. Matar da ke kan tebur ta dube mu mu goma sha ɗaya, ta ɗauka Basha ya yi babban kamu ne, ta miƙa wa kowa lamba. Awa biyu muna zaune. Ɗaya daga cikin sababbin ya kafa wa kwanon dambu ido har sai da Basha ya mayar da shi ɗaya hammatar.

Da aka kira mu, Dakta Ya'ƙub ya taso da fara'a, dattijo mai furfura da farar rigar aiki. "Ahlan, ya Ustaz Ishaƙ! Duk waɗannan ƙafa ce ko baya?"

Basha ya yi gyaran murya, ya zuba jawabi na minti goma a kan zumuncin kogin Nilu da kogin Kaduna, ya rufe da barka da Kirsimeti, ya kwance ɗankwali ya buɗe kwano. Ƙamshi ya cika ofis. Wani a bayana ya yi nishi.

Dakta ya dafa ƙirji, ya yi godiya har da sunkuyawa, ka ga mutumin da abin ya taɓa zuciyarsa da gaske. Sannan ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Ustaz, kun riga mu da kwana goma sha uku. Mu Kibɗawa, Kiristocin Masar, namu sai bakwai ga Janairu. Yanzu azumi muke, kwana arba'in da uku ba nama, ba ƙwai, ba madara. Amma baƙo ba ya fita haka." Ya jawo ɗan kwanon abincinsa na rana, dafaffen wake da man zaitun da gurasa biyu, ya ce mu yi bismillah. Mutum shida suka dubi gurasa biyu, suka dubi Basha.

Kafin mu fita, Dakta ya lura da gumin da ke tsiyaya daga goshin amininsa. Ya zaunar da shi, ya sa ya tuɓe kwat a gabanmu, ya auna jininsa, ya ce ya hau, a rage nama. Dambun kuwa a dandamalin tashar Ma'adi aka yi masa jana'iza, tawaga ta cinye shi a tsaye da hannu, har ɗankwalin sai da aka karkaɗe.

Kai ka ce mutum zai yi laushi. Ina! Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kafin jirgi ya kai Ainu Shams Basha ya gama gyara labari. "Kun ga aikin manya ko? Aiki ya yi masa yawa, ya ɗage bikinsa zuwa Janairu. Ni kaɗai zai iya gaya wa wannan sirrin. Kun kuma ga da hannunsa ya auna ni, ko layi ban bi ba." Lambarsa ta layi tana leƙowa daga aljihun kwat yana faɗin haka.

Sauran harsashi ɗaya ya rage masa, tiren nan. Ya dage lallai a falonsa za a yi zaɓe, ya ce gidan shayi bai dace da martabar ƙungiya ba. Mun san lissafinsa: so yake gaisuwar hakimi ta sauko a kan idon masu ƙuri'a.

Lissafin kuwa ya fita daidai. Ranar bakwai ga wata, bayan azahar, falo ya cika, ana ta murza hannu saboda sanyi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar hawa na biyar ce, cikin sabuwar riga, tire na tururi a hannunta. Basha ya miƙe, ya baza kwat, ya buɗe hannuwa. "Jama'a, gani ya kori ji. Ku shaida yadda mutanen ƙasa..."

Tsohuwa ta ce masa, "Ba ni hanya, ɗana, da zafi," ta kewaye shi kamar turken wuta, ta wuce wurin Balki da ke bakin madafa. Suka rungume juna, suka sumbaci kumatu. Da ta miƙa tiren, hannun rigarta ya zame, ga ɗan shuɗin zanen gicciye a wuyan hannunta.

Tarig ya tambaya da murya mai daɗi, yadda na ƙarshen falo zai ji, "Ya Ummu Ayman, wannan alheri na mene ne haka?"

Ta dube shi da mamaki. "Kai ma ka sani, Tarig. Yau idinmu ne, Kirsimeti. Balki ba ta taɓa manta ni da naman layya ba, ni zan manta ta?"

Sai wani daga cikin mutum shidan nan ya fara dariya, sauran biyar suka taya shi, da haƙƙinsu. Aka ɗaga hannu, Hassumi ya ci kujera. Hannu ɗaya ne ya tashi wa Basha, yana sanye da safar ulu.

Da jama'a suka dunguma kan fatta, sai muka ga abin da ba a taɓa gani ba a shekara tara. Basha ya matsa kusa da matarsa, ya rage murya, ya yi tambaya.

"Balki, ke dama kin san wannan?"

Ta miƙa masa cokali. "Alhaji, sau tara kana cin Kirsimeti a gidan nan, sau tara ina fara gaya maka. Ci a hankali, likita ya ce ka rage nama."